Yadda Ake Shirya Teburin Liyafar Kaka a Gida

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, an yanke dawa, an cire gyaɗa, masu karal, wato gonakin laka, kuma sun gama dashen muskuwari, dawar rani, shi ne lokacin da gidaje ke samun sararin tara 'yan uwa a ci abinci tare. Aure da tarewa da aka ɗage tun damina a wannan lokaci ake yin su, haka ma walimar sauka. Kaka ba ta da ranar biki tsayayya a wurinmu, domin Sallah da Maulidi wata suke bi, suna ja baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, amma duk liyafar da ta faɗo cikin waɗannan makonni tana iya ɗaukar kamannin kaka idan mai shiryawa ta so.

Hotunan teburin kaka da ke yawo a wayoyinmu yawancinsu daga bikin godiya na Amurka suke, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ko na Kanada da ake yi Litinin ta biyu a Oktoba. Kabewa da masara da jajayen ganyen da suke zubawa a tebur abin da gonarsu da dajinsu ke bayarwa ne a lokacin. Mu namu dajin ba ya yin ja. Ciyawa ce ke komawa ruwan ƙasa, gawo kuma a lokacin yake fitar da sabon ganye, saɓanin sauran itatuwa. Don haka wadda ta kashe sefa dubbai wajen sayen ganyen roba ta bar abin da ya fi kyau a bakin rumbu. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, abinci da hannun mai ci su ne ke da haƙƙin fili a tebur, ado kuma abin da ya rage yake samu.

Kafin a taɓa zane ko faranti, a zauna a ƙirga mutane, a kuma tantance wa zai ci da wa. A gidajenmu maza da mata ba su cika haɗuwa a kwano ɗaya ba, kuma surukin da aka zaunar gaban mahaifin matarsa loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi, ya tafi gida da yunwa. Idan akwai irin wannan, gara a raba zama biyu ko uku: tebur ga waɗanda suka saba da shi, shimfiɗa ga dattawan da suka fi sakewa a ƙasa, yara kuma tirensu daban kusa da idon wata babba. Kowane mai zama a tebur yana buƙatar faɗin santimita 60 domin kada gwiwar hannunsa ta riƙa bugun ta maƙwabcinsa, wanda kuma ya sa babbar riga yana buƙatar fiye da haka. Tebur mai tsawon santimita 180 da faɗin 90 mutum shida yake ɗauka cikin walwala, takwas idan an sa kujera a kowane kai. Wanda ya cusa goma zai ga sakamakon a kan rigunan baƙinsa.

Zanen tebur ya kamata ya sauko ta kowane gefe da kimanin santimita 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, domin idan ya fi haka zai riƙa kama ƙafar mutane. Ga teburin da muka ambata, ana neman ƙyalle mai tsawon santimita 230 da faɗin 140. A nan ne mutane ke yin kuskure da atamfa, saboda faɗinta kimanin santimita 120 ne kawai, idan aka shimfiɗa ta ita kaɗai sai ta tsaya a bakin tebur kamar rigar aro, kuma yawan zanenta yana cinye kyan abinci. Dabarar da ta fi ita ce a shimfiɗa ƙyalle mara zane, fari ko ruwan madara, sannan a yanki atamfa ko saƙin hannu mai faɗin santimita 35 zuwa 40, a kalmasa bakinsa, a ratsa shi ta tsakiyar tebur daga kai zuwa kai. Launin da ya dace da lokacin shi ne ja mai duhu irin na zoɓo, ko ruwan goro, ko ruwan ƙasa. A goge ƙyallen tun daren jiya, a rataye shi, kada a sake naɗewa. Wasu suna rufe komai da leda mai haske don tsoron manja da miyar kuɓewa; ni ban cika son haka ba, domin leda tana manne wa hannu kuma tana narkewa a ƙarƙashin kwano mai zafi. Faifai a ƙarƙashin kowane kwanon miya yana yin aikin, ya kuma ƙara kyau.

Jeren faranti da cokula yana da ƙa'ida wadda ba ta da wuya. Faranti yana zama daidai da tsakiyar kujera, yatsa biyu daga bakin tebur. Wuƙa tana dama, kaifinta na duban faranti, cokali kuma a damanta. Cokali mai yatsu yana hagu. Kofin ruwa yana sama da tsinin wuƙa. Ƙaramin tawul na goge hannu a kan faranti ko a hagunsa. Idan cokula sun yi yawa, ana fara amfani da na waje ne a shigo ciki. Faransawa suna kifa yatsun cokali ƙasa, Turawan Ingila suna barin su sama, kuma da yake Kamaru ta gaji al'adun biyu, kowanne aka gani daidai ne muddin teburin gaba ɗaya iri ɗaya ya bi.

Sai dai wannan jeri an tsara shi ne don mai kai loma da hagu, mu kuwa da dama muke ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Umar ɗan Abu Salama tun yana yaro da ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya kuma ci daga abin da ke gabansa. Saboda haka babu laifi, hasali ma ya fi, a mayar da cokali mai yatsu ɓangaren dama kusa da cokali, a yanka nama ƙanana tun a kicin domin kada a buƙaci wuƙa. Kada kuma a ajiye abin da ba za a yi amfani da shi ba. Idan tuwon dawa ne da miyar yakuwa ko tafasa, wadda Fulani ke kira tasba, to abin da mai ci ke nema shi ne faranti mai zurfi ko ƙaramin kwanon miya nasa, da ruwan wanke hannu a kusa. Idan shinkafar Yagwa ce da miyar nama, cokali ya wadatar. Idan an gasa karfasa ko giwan ruwa daga tafkin Lagdo, a sa ƙaramin faranti na ƙaya tsakanin kowane mutum biyu, in ba haka ba ƙayar za ta ƙare a kan farin ƙyalle. Game da hanin ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, kwanukan da ake kira silba a kasuwa ba azurfa ba ne, ƙarfe ne mai ƙyalli kawai.

Yanzu sai adon tsakiya, wanda a nan ne ake zarce gona da iri. Duk abin da aka sa kada ya wuce santimita 30 a tsayi, kuma hanyar gwadawa ita ce mutum ya zauna a kujera ya dubi kujerar da ke gabansa. Idan ba ya ganin fuskar mai zama can, adon ya yi tsawo. A nemo ƙwarya matsakaiciya mai zanen wuta, irin wadda matan Fulani ke yi, a ɗora ta a kan gammo ko faifai domin kada ta yi rawa. A cika ta da gyaɗa mai ɓawo wadda aka wanke ƙasarta aka shanya, a jingina masara biyu ko uku da aka yaye ɓawonsu zuwa baya ba tare da an cire ba, a sa ƙaramar kabewa ɗaya a gefe, sannan a kwantar da zangarniyar jar dawa da ta fara, uku ko biyar, a kan ratsin atamfa ta ɓangarorin biyu. Busasshen zoɓo ɗan kaɗan da aka watsa a tsakaninsu yana ba da jan da ake nema, goruba kuma da ƙyallinta tana cike gurbi. Auduga da ta buɗe a kwasfarta tana da kyau ƙwarai kusa da jar dawa, kuma a ƙasar da kamfanin auduga na SODECOTON ke da hedkwata ba a rasa gonar da za a roƙi reshe biyu.

Kayan gona suna zuwa da nasu sharaɗin. Zangarniya tana da ƙaiƙayi, musamman ta gero, wanda idan ya faɗa cikin miya ko ya taɓa wuyan baƙo, liyafar ta ɓaci. A kakkaɓe ta sosai a waje, a shanya ta yini guda a rana domin tururuwa da sauran ƙwari su fita, a kuma ajiye ta nesa da kwanukan da ke buɗe. Na taɓa ɗauko zangarniya kai tsaye daga gona da yamma na jera, kafin magariba tururuwa sun yi layi har cikin farantin dabino. Barkono busasshe yana da kyau a ido, amma inda yara za su miƙa hannu su kuma murza ido, a bar shi a kicin. Furanni masu ƙamshi mai ƙarfi ma ba su dace da wurin abinci ba.

Kafin a ce ado ya gama, a ɗauko kwanuka da kulolin da za a zuba abinci, babu komai a ciki, a jera su inda za su zauna. Idan ba su samu wuri ba, adon ne zai ragu. Mafi sauƙi shi ne a tanadi ƙaramin tebur a jikin bango don manyan kuloli, a bar wa babban tebur kwano ɗaya na kowane iri, ana ƙarowa. Kowane kwanon miya da ludayinsa. Zoɓo, wanda ake kira folere a Garwa da karkanji a Njamena, a zuba shi a jug mai murfi a ɗora a kan tire, domin tabonsa a farin ƙyalle sai an wanke shi nan take da ruwan sanyi yake fita. Abincin da aka dafa kada ya wuce awa biyu a buɗe, idan kuma zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi da rana ko a Nuwamba, awa ɗaya ce.

Lokaci da ƙura su ma suna cikin lissafi. A Nuwamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida, iskar hunturu kuma ta fara ɗauko ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wadda mutanen Njamena da Kusiri suka fi kowa saninta. A gama jeri bayan la'asar, a kife faranti da kofuna, a lulluɓe teburin da wani zane mara nauyi, sai an idar da magariba a yaye a juya su. Turaren wuta a yi shi kafin baƙi su iso, a fitar da kaskon, domin hayaƙinsa yana danne ƙamshin miya. Tunda wuta na iya ɗaukewa, a cika fitila mai caji tun da rana. Idan a tsakar gida za a ci, a rataye fitila mai haske nesa da tebur, saboda ƙwarin kaka haske suke bi, a bar mai laushi kusa. Kyandir kuma kada ya kusanci auduga ko busasshiyar zangarniya. Idan dole ne, a sa shi cikin kofin gilashi mai zurfi.

Shimfiɗar ƙasa ita ma shiri take so. A share wuri, a yayyafa ruwa idan ƙasa ce, a shimfiɗa tabarma, darduma a kanta, ledar cin abinci a tsakiya, da tumtum na fata irin na Marwa ga dattawa. A nan adon yana komawa kusurwa ko jikin bango, domin tsakiya ta akushi ce da tire, kuma tire ɗaya kada ya wuce mutum biyar, yadda kowa zai kai hannu gabansa ba tare da ya ƙetare rabon wani ba.

Babban baƙo a ba shi wurin da ya fi nisa da ƙofa, bayansa ga bango, mai gida kusa da shi, masu hidima kuma kusa da hanyar kicin. Yaro ɗaya ya zagaya da buta da tasa da sabulu da tawul mai tsabta, ya fara daga babba ya bi ta dama, ya sake zagayawa bayan an gama. Idan an kwashe kwanuka, a sauya ratsin atamfar in ya ɓaci, a kawo shayi da dabinon Faya ta Chadi da goro a faifai. Da baƙi sun tafi, a tattara abin da ya zube a ba kaji, a jiƙa ƙyallen tun daren, a mayar da zangarniya rumbu, gyaɗar a soya wa yara, kabewar kuma ta shiga miyar taushe washegari.