Yadda Ake Sayen Tsohuwar Tafireta a Gwanjon Kayan Gida a Amurka

A Amurka, idan mai gida ya rasu ko tsufa ya sa ya koma gidan kula da tsofaffi, iyalinsa kan ɗauko kamfani ya sayar da duk abin da ke cikin gidan, daga kujeru har cokula. Ana liƙa wa kowane kaya farashi, a buɗe ƙofa kwana biyu ko uku, galibi Juma'a zuwa Lahadi. A irin wannan gwanjo ake samun tafireta da injinan lissafi da suka shekara hamsin a ajiye, da araha fiye da na dillalai.

Fara da hotuna. Kamfanonin kan sa tallarsu a shafuka irin su EstateSales.net kwanaki kafin a buɗe. Kada ka dogara da rubutaccen bayanin, domin sau da yawa ba a ambatar tafireta. Buɗe hotunan ɗakin karatu, gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kana neman ƙaramin akwati mai hannu a ƙasan teburi. Gidan tsohon akanta, lauya, likita ko malamin makaranta ya fi saurin ba da abin da ake nema.

Batun rana kuwa ciniki ne. Ranar farko kaya na nan amma farashi a tsaye yake, kuma ana shiga bisa lambar layi, don haka sai ka yi sammako. Ranar ƙarshe yawancin kamfanoni kan zabge rabin kuɗi. Ƙananan tafiretoci irin su Hermes 3000, Olympia SM3 ko SM9, Olivetti Lettera 32, da ɗan ƙaramin injin lissafin nan Curta ba sa kwana. Manyan injina masu nauyi irin su Underwood No. 5, Comptometer da Burroughs kan kai Lahadi, saboda mutane na gudun ɗauka.

Tafi da farar takarda biyu, tocila, da tsabar kuɗi. Yawanci ba a mayar da kaya, don haka gwajin minti biyar a wurin shi ne duk kariyarka.

Fara shinshina injin. Warin tsohon mai ba komai ba ne, amma warin fumfuna na nufin ya sha danshi. Haska tocila ta ƙasa: ɗan tsatsa a jiki yana goguwa, wanda ya ci sifirin da ƙananan mahaɗai kuwa ka bar musu abinsu.

Sai gadon takarda, wato ɓangaren sama mai tafiya hagu da dama. Idan ya ƙi motsi, kada ka tilasta shi. Yawancin ƙananan tafiretoci na da ɗan makulli a gefe da ke riƙe gadon lokacin tafiya, kuma masu gwanjo kan ɗauka injin ya lalace su karya farashi. Saki makullin, ka danna dogon maɓallin tazara sau ashirin. Kowane danni ya matsar da gadon taki ɗaya. Idan sai ka tura shi da hannu yake matsawa, igiyar da ke jan sa ce ta tsinke, gyara mai sauƙi. Idan yana tsallake ko yana zarcewa ƙarshe gaba ɗaya, matsalar na cikin haƙoran da ke sarrafa tafiyarsa, kuma wannan aikin gwani ne.

Danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Sandar harafi da ta tashi ta maƙale, busasshen mai ne kawai. Abin tsoro shi ne sandar da kan harafinta ya ɓalle, domin samun madadinsa sai an yanka wani injin irinsa. Sannan sa farce a robar da takarda ke naɗuwa a kai. In ta ɗan lotsa, madalla. In ta zama kamar dutse, haruffa za su riƙa huda takarda, kuma sabunta robar kan fi kuɗin injin. Zura takardarka ka juya: in ta karkace ko ta ƙi shiga, ƙananan rolar ƙasa sun baje saboda daɗewa a matse.

Busasshen ƙyallen tawada kada ya dame ka, ana sayar da sabo mai faɗin rabin inci har gobe. Sai dai ka tabbata kwarkwaronsa na ƙarfe na asali na nan, musamman a Olivetti, wadda ke da ƙananan noti biyu masu riƙe su.

Mai lantarki sai an jona an saurara. IBM Selectric, mai ƙwallon haruffa da ta fito a 1961, tana da sananniyar cuta: cibiyar robar da bel ke juyawa kan tsage, sai ka ji bugu a kai a kai ko ba ka taɓa komai ba. Gyaran na buƙatar kwance injin sosai. Wanda zai aika gida Nijeriya ko Nijar ya tuna wutar Amurka volt 120 ce, tamu 220 zuwa 230, sai da tiransifoma. Kuma babu ƙ, ɗ da ɓ a waɗannan injina, mai rubutun Hausa da biro zai ƙara lanƙwasar.

Wajen ɗauka, tallabo ta ƙasa da hannu biyu, kada ka kama gadon, kada kuma ka yarda da hannun tsohon akwati. Kulle gadon, ka ajiye injin a ƙasan mota ba kan kujera ba. In ka isa gida kada ka fesa man feshin nan WD-40, yana daskarewa ya liƙe sandunan. Buroshi, iska, da ɗan sinadarin wanke buroshin fenti a gindin sandunan sun isa, amma ka kiyaye kada ya taɓa fenti ko roba.