Yadda ake tsayar da haɓo ga mai ƙarancin filatilet

Tun shigowar hunturu tambaya ɗaya ake ta turo mini: wanda gwaji ya nuna filatilet ɗinsa, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, sun gaza 150,000, me zai yi in haɓo ya ɓalle masa?

1. Zauna a miƙe, kada ka kwanta.
2. Sunkuyar da kai gaba kaɗan.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. A gida an saba cewa "ɗaga kanka sama". Jinin bai tsaya ba, maƙogwaro ya bi ya gangara ciki, ƙarshenta amai.

3. Matse tattausan wurin hanci, ƙasa da ƙashi, da babban yatsa da manuni.
4. Yi numfashi ta baki.
5. Dubi agogo, ka riƙe minti 15 cur. Kada ka saki don leƙawa. Kana saki, ɗan gudan jinin da ya fara haɗuwa ya wargaje, aiki ya dawo sabo.
6. Tofar da wanda ya zubo baki.
7. Bai tsaya ba? Ƙara minti 15.
8. Ya wuce haka, sai asibiti, da takardar gwajinka a hannu. In faɗuwa ka yi ka bugu a ka, kada ma ka tsaya lissafin minti.
9. In ya tsaya, kada ka fyace har kwana guda.
10. Shafa ɗan Vaseline a cikin hanci kafin barci.

Hattara a kemis: in maganin ciwo kake nema, kada ka sayi asfirin, Ibuprofen ko Diclofenac, dukkansu suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya wadatar.