Ma'adinai ko amino asid: kurakuran da aka fi yi wurin zaɓen ƙwayoyin ƙarin gina jiki

Babban kuskure shi ne ɗaukar su a matsayin abu ɗaya, wato duk "maganin ƙarfin jiki" ne. Ma'adinai irin su ayon, zink, kalshiyam da magnesiyam, jiki na bukatarsu kaɗan-kaɗan, ana auna su da miligiram. Amino asid kuwa su ne tubalan da ake haɗa furotin da su, guda 20 ne, 9 daga ciki dole sai daga abinci ake samunsu, kuma bukatarsu ta giram ce. Mai ƙarancin jini ko ya shekara yana shan amino asid, jininsa ba zai hau ba idan ayon ne ya yi masa ƙaranci.

Na biyu, shiga kemis a ce "a ba ni maganin ƙarin jini" don kawai ana jin kasala ko jiri. A fara da gwajin PCV, wato gwajin yawan jini, in da hali a ƙara da na feritin, wanda ke nuna ayon da jiki ya adana. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki duk suna rage jini, kuma kowanne da maganinsa. Mai sikila kada ya kuskura ya sha ayon ba da umarnin likita ba, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, domin ayon ɗin taruwa yake ya lalata hanta da zuciya.

Wanda ya dace ya sha ma, sau da yawa wurin shan yake ɓata aikin. Ana kora ƙwayar ayon da shayi da madara, alhali shayi da kalshiyam ɗin madara suna hana hanji tsotse ta. A bar tazarar awa 2 tsakaninsu, a sha da ruwa ko lemon zaƙi. A kuma karanta kwalin da kyau: ƙwayar ferrous sulphate mai miligiram 200 ainihin ayon ɗin da ke cikinta kusan 65 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai ciki shawarar miligiram 30 zuwa 60 na ainihin ayon kullum, tare da folik asid miligiram 0.4. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Abin tsoro shi ne yaro ya samu kwalbar ya haɗiye da yawa, hakan na iya kisa. A ɗaga ta sama.

Zink ma ana wuce gona da iri. Yaro mai gudawa ana ba shi miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Babba ya daɗe yana shan fiye da 40 a rana, sinadarin kofa (copper) zai ragu a jikinsa, jini ya sake sauka. Haka nan ayon, zink da kalshiyam suna riƙe magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin da tetracycline a cikin hanji su hana su aiki, don haka ba a haɗa su lokaci ɗaya.

A ɓangaren amino asid, asarar kuɗi ta fi yawa. Matasa masu ɗaga ƙarfe suna sayen garin amino asid da ake kira BCAA da tsada, alhali guda 3 kacal ke ciki, tsoka kuma ba ta ginuwa sai an cika 9 ɗin. Babban mutum na bukatar kamar giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai motsa jiki sosai ya kai 1.6. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Gero, masara da shinkafa suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin amino asid 9 ɗin nan, wake kuma ya wadata da shi, shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, ko awara suke biyan bukatar yawancin mutane. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin ko magnesiyam da kansa.

Idan kwali ya ce ferrous bisglycinate, ayon ne da aka ɗaura wa amino asid don ya rage damun ciki, a lissafa shi cikin ma'adinai. Kafin biyan kuɗi a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji ƙulle-ƙullen "maganin ƙiba" marasa suna, domin ana cusa dexamethasone a wasunsu, mai kumbura fuska da tayar da ciwon suga.