Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Ɗalibai Suna Awon Muhalli, da Yadda Ake Gyara Su

Shirin GLOBE ya fara aiki ne ranar 22 ga Afrilu, 1995, da tallafin hukumomin Amurka irin su NASA, hukumar binciken sararin samaniya, kuma makarantu a ƙasashe fiye da 120 sun shiga cikinsa. Aikin ɗalibai a ciki shi ne su auna zafin iska, ruwan sama, gajimare, ruwan rafi, ƙasa da bishiyoyi, su tura sakamakon zuwa rumbun bayanai guda ɗaya da kowa zai iya buɗewa. Amfanin lambar da yaro ya rubuta a Kenya yana cikin cewa za a jera ta kusa da ta yaro a Tailan ko Ajantina. In hanyar awon ta bambanta, to bambancin da za a gani a lambobin na hanya ne, ba na yanayi ba. Yawancin bayanan da suke lalacewa ba tsadar na'ura ko arharta ce ke lalata su ba. Wurin awo ne, da lokacin awo, da abin da ake rubutawa ranar da aikin bai tafi daidai ba.

Inda aka kafa kayan awo

Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada, domin in aka yi shi sau ɗaya, zai bi kowace lamba har tsawon shekaru. Makarantu kan kafa ma'aunin zafi a jikin bangon aji, ko kan dakalin siminti, ko ƙarƙashin bishiya, don nan ne ya fi sauƙin kai wa ko ya fi tsira daga hannun masu taɓe-taɓe. Bango da siminti suna shan zafin rana su riƙa fitar da shi har cikin dare, saboda haka ma'aunin zafin ginin yake karantawa. Bishiya kuma tana tare ruwan sama, ko ta riƙa ɗigo cikin ma'auni bayan an ɗauke.

Ƙa'idar ita ce a nemi fili mai ciyawa ko ƙasa ta asali, a nisanta daga kowane gini ko bishiya da aƙalla ninki huɗu na tsawonsa. Ginin da ya kai mita 6 sai a ba shi tazarar mita 24. Ma'aunin zafi yana zama cikin farin akwati mai tsage-tsage da iska ke ratsawa, bakinsa mai jin zafi yana mita 1.5 daga ƙasa, ba ya taɓa katakon akwatin. Ƙofar akwatin tana kallon arewa ga waɗanda ke arewa da ikwaita, tana kallon kudu ga waɗanda ke kudu da shi, don kada rana ta faɗa kan ma'aunin lokacin da aka buɗe. In fenti ya kwaile ko ƙura ta dushe shi, a wanke a sake shafa fari, domin akwati mai duhu zafi yake tarawa.

Makarantu da yawa, musamman na cikin birni, ba su da irin wannan fili, kuma wannan bai isa ya hana su shiga ba. Abin da ake buƙata shi ne a bayyana wurin yadda yake a takardar rajistarsa: ginin da ke cikin mita 10, duk abin da ya tare sama fiye da kusurwar digiri 14 in an ɗaga ido daga gefen sama, da irin ƙasar da ke ƙarƙashin akwatin. Mai bincike zai iya aiki da wuri mai aibi in an gaya masa aibin. Wanda ba zai iya ganowa ba shi ne akwatin da aka ɗauke daga gefen fili aka mayar bayan ɗakin gwaji a tsakiyar shekara ba tare da an faɗa ba. Duk lokacin da aka matsar da kayan awo, a yi wa sabon wurin sabuwar rajista.

Kafin a amince da ma'aunin zafi, a gwada shi. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, ƙanƙarar ta fi ruwan yawa, a tsoma ma'aunin gwaji na minti 10 zuwa 15 ana juyawa a hankali. Ya kamata ya nuna tsakanin digiri 0.5 ƙasa da sifili da 0.5 sama da shi. Da wannan ma'aunin ake auna gaskiyar wanda ke cikin akwati. A kuma duba cewa na'urar tana kan ma'aunin Salsiyas: digiri 86 na Faranhait digiri 30 ne kawai na Salsiyas, kuma maɓalli ɗaya ne ke sauya su.

Tsakar rana ba ƙarfe 12 ba ce

Awon yanayi na kullum ana yin sa ne cikin awa ɗaya kafin rana ta tsaya tsaka ko awa ɗaya bayan haka, wato lokacin da inuwar sanda ta fi gajarta. Wannan lokacin ba kasafai yake dacewa da ƙarfe 12 na agogo ba. Ya danganta da inda gari yake cikin yankin agogonsa, kuma yana gaba yana baya da kusan kwata ɗin awa cikin shekara. A can ƙarshen yammacin ƙasar Sin, inda duk ƙasar ke bin agogon Beijin, rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen ƙarfe 3. A lissafa lokacin makarantar tun farko, a liƙa shi a cikin littafin awo.

Sai kuma shigar da lokaci. Rumbun yana ajiye komai da agogon UTC, wanda masu sauraron rediyo suka sani da GMT. Mai shigar da bayanai ya duba ko fom ɗin lokacin gida yake nema ko na UTC, domin kuskure a nan yana iya mayar da awon rana ya zama na asuba. Ga na'urar da ke riƙe zafi mafi yawa da mafi ƙaranci, a tuna a sake saita ta bayan kowane karatu. Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibai za su iya yi da kansu: zafi mafi yawa na awa 24 ba zai taɓa gaza zafin da ake karantawa yanzu ba, kuma mafi ƙaranci ba zai wuce shi ba. In aka ga saɓanin haka, an karanta ba daidai ba.

Sifili, ɗigo da rashin awo

Ɗalibai suna ɗokin zuwa ma'aunin ruwa ranar da aka kwana ana ruwa, su manta da shi ranakun da sama ta bushe. Wannan babbar asara ce. Ranar da ba a yi ruwa ba sakamakonta 0.0 ne, kuma dole a rubuta a tura. Gurbin da aka bari fayau ba ya nufin ba a yi ruwa ba, yana nufin ba wanda ya duba. Ba za a iya gane fari ba sai da jerin sifili da aka rubuta rana bayan rana. Yanayi uku ne, kowanne da alamarsa: sifili in an duba babu ruwa, harafin T in an yi yayyafin da bai kai a auna ba, harafin M in ruwan ya zube kafin a karanta ko awon ya ɓace. Mafi muni shi ne a cike gurbi da ƙiyasi ko da lambar da aka gani a manhajar hasashen yanayi.

In an yi hutun ƙarshen mako, ruwan da aka tarar ranar Litinin na kwana uku ne, kuma fom ɗin yana da gurbin yawan kwanakin da ruwan ya taru. Rubuta shi a matsayin na kwana ɗaya yana ƙirƙiro mamakon ruwan da ba a yi ba.

Wajen karatu, ma'aunin ya tsaya a miƙe, bakinsa ya ɗara kan turken da aka ɗaure shi a kai don kada ruwa ya fantsamo daga katako. Saman ruwa cikin bututu yana lotsawa a tsakiya, gefensa ya ɗan hau. Ƙasan lotsawar ake karantawa, ido daidai da shi, zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita. A irin ma'aunin da aka fi amfani da shi, ƙaramin bututun ciki yana ɗaukar kusan milimita 25, sauran ya malala cikin babbar kwalbar waje. Ba a karanta na wajen kai tsaye. A karanta na ciki a rubuta, a juye shi a wani mazubi, a zubo na wajen kaɗan-kaɗan ta mazurari, a tara jimilla, kuma kada a zubar da komai sai an gama lissafi. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, abin da ke taimaka wa yara su ga girman abin da suke aunawa.

Gajimare

Ido yana ƙara wa gajimare yawa, musamman in an haɗa da waɗanda suka taru can ƙasa-ƙasa a gefen sama, inda nisa ke sa su zama kamar a cunkushe. Abin da ke sama da digiri 14 kawai ake ƙirgawa. Rukunan su ne: babu komai, ƙasa da kashi 10 cikin 100, daga 10 zuwa 25, daga 25 zuwa 50, daga 50 zuwa 90, sai sama da 90. Atisayen da ya fi gyara ido shi ne a yayyaga farar takarda da aka san girmanta, a watsa a kan shuɗiya, a sa 'yan aji su ƙiyasta kafin a faɗa musu amsa. A fili kuma ɗalibai huɗu su tsaya baya da baya, kowa ya ɗauki kusurwarsa, sannan a haɗa. In ƙura, hazo ko hayaƙi ya rufe sama, ba a rubuta shi a matsayin gajimare. Akwai gurbinsa dabam. Masu amfani da manhajar GLOBE Observer, wadda aka fitar a 2016, su yi ƙoƙarin duba sama cikin minti 15 na wucewar tauraron ɗan'adam, don a iya gwama abin da suka gani daga ƙasa da abin da ya gani daga sama. Kada kowa ya kalli rana kai tsaye.

Ruwan rafi da tafki

Ruwa yana fara sauyawa da zarar an ɗebo shi. Bokitin da aka ɗauko aka kai aji ya riga ya ɗumama, iskar da ke cikinsa ta canza. Zafi, tsabtar gani (wato zurfin da ido ke iya ratsa ruwan) da iskar oksijin a bakin ruwa ake auna su nan take. A ɗauraye bokiti sau uku da ruwan wurin, a zubar can gefe don kada a tayar da laka. Ma'aunin zafi ya nutse santimita 10 na minti uku, a karanta shi yana cikin ruwa. Ɗalibai uku su auna kowa da kansa, ba tare da jin amsar ɗan'uwansa ba. In wani ya kauce wa matsakaici da fiye da digiri 1, a sake duka.

Na'urar pH, wato mai auna tsamin ruwa, in ba a daidaita ta ba, lambar banza take bayarwa ko da tana nuna lambobi biyu bayan ɗigo. A daidaita ta da ruwan gwaji mai pH 4, 7 da 10 kafin fita, a ɗauraye bakinta da tataccen ruwa tsakanin kowane tsomi, amma kada a adana ta a cikinsa, domin yana kashe bakin. Tana da nata ruwan ajiya. Kuskuren maki ɗaya a pH ba ƙarami ba ne, ninki goma ne na tsami. A awon oksijin, ƙwayar kumfa ɗaya a cikin kwalba ta isa ta ɗaga sakamako, don haka a cika kwalbar a rufe ta tana ƙarƙashin ruwa. A kuma riƙe wannan a kai: ruwa mai digiri 20 kusan miligiram 9 yake iya riƙewa a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5. Lambar da ta zarce haka da nisa tana bukatar a sake dubawa. Bututun tsabtar gani a inuwa ake karanta shi, kuma in ya cika ana ganin alamar gindinsa, a rubuta cewa ya fi tsawon bututun, ba tsawon bututun daidai ba.

Lambar wuri da tsawon bishiya

A lambar da ke nuna inda wuri yake a taswira, digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5, ba 12.30 ba, domin minti 60 ne a digiri ɗaya. Wanda ya kwafe shi kai tsaye ya matsar da makarantarsa kusan kilomita 22, tunda digiri ɗaya na latitud, wato nisa arewa ko kudu da ikwaita, kusan kilomita 111 ne. Mantuwa da alamar ragi ga kudu ko yamma kan jefa wurin awo cikin teku. A buɗe taswira a tabbatar ɗigon ya sauka inda ya kamata.

A awon bishiya, abin da aka fi mantawa shi ne tsawon mai awon. Wanda ya tsaya mita 20 daga gindi ya hango ƙololuwa a digiri 35 zai sami mita 14, amma daga idonsa ne zuwa sama. Sai ya ƙara mita 1.5 ko gwargwadon tsayin idonsa, ya zama 15.5. Kewayen gindi kuma a mita 1.35 daga ƙasa ake auna shi, da tef, ba a inda hannun kowane yaro ya kai ba.

Lambar da ta fita dabam

Malamai da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan goge sakamakon da ya yi musu baƙo ko su gyara shi ya yi kama da na jiya. A ganinmu wannan ya fi duk sauran kurakuran illa ga tarbiyyar ɗalibi, domin yana koya masa cewa akwai amsar da ake so tun kafin a auna. In lamba ta ba da mamaki, a sake awon nan take, a gwada na'urar, a duba ko an juya lambobi wajen kwafa. In ta tsaya a kan bakanta, a tura ta tare da bayani: an yi ruwa jiya, ruwan rafin ya sauya launi, an sare bishiyar da ke gefen akwati. A rubuta da biro a littafi mai ɗinki, kuskure a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a sa gyaran a gefe da sunan wanda ya gyara. Littafin ya zauna a makaranta ko bayan an shigar da komai a kwamfuta, kuma malamai biyu aƙalla su san kalmar sirrin asusun da yadda ake awon, don kada jerin shekaru ya yanke ranar da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki.