Yadda Za Ka Ci Gaba da Hawan Dutse Idan Shekaru Sun Fara Ja

Yawancin waɗanda muka fara hawan dutse tare da su a Zariya sun ajiye shi tun suna 'yan arba'in da wani abu. Idan ka tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: gwiwa. Gaskiya ne gwiwa tana ciwo, tawa ma tana yi. Amma abin da na lura da shi, so suke su hau Kufena yadda suka hau shi suna ɗalibai, da gudu, da rana tsaka, ba sanda ba ruwa, da jiki ya ƙi sai suka ce shi ke nan, tsufa ya zo. Ni na haura sittin, har gobe ina hawa, kuma abin da ya riƙe ni shi ne duk bayan 'yan shekaru nakan sauya tsarin tafiyar: dutsen da nake zaɓa, lokacin fita, abin da nake sakawa a jaka, har ma da abin da nake zuwa nema a can.

Saurayi ɗan ashirin ba ya bukatar dogon bayani daga wurina. Ƙarfi yana nan, burinsa ƙololuwa da hoto, kuma babu laifi. Ya dai bar silifas a gida, ya ɗauki ruwa ko da yana ganin ba zai sha ba, ya daina tsallake rami don abokai suna kallo. Shawarata gare shi ita ce ya yi manyan tafiye-tafiye yanzu. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru, kuma tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora da kwanan daji. Duwatsun Shere da ke gabashin Jos sun kai mita 1,829. Irin waɗannan da ƙuruciya ake cin su. Wanda ya ce sai ya yi ritaya zai je, da wuya ya je.

Shekarun da suka fi ba ni tsoro su ne tsakanin 35 da 50. Mutum ya yi aure, yana wuni zaune a ofis ko a shago, tumbi ya fara fitowa, amma a zuciyarsa har yanzu shi ne wancan saurayin. Sai ranar Asabar ta zo ya bi yara zuwa dutse, ya ƙi yarda a wuce shi. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Kafin ka koma hawa bayan dogon hutu, je a auna maka jini da suga. A kan hanya kuma ga ma'aunin da ba ya bukatar na'ura: idan kana iya yi wa na kusa da kai magana, jimla cikakkiya, kana tafiya, to saurinka daidai ne. Idan haki ya hana ka haɗa kalma uku, tsaya. Masu agogon da ke ƙirga bugun zuciya suna da wani lissafi na kusan-kusan, a cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun a minti ɗaya. Ɗan 25 yana da 195, ɗan 60 yana da 160. Ka ga ashe ba ragwantaka ba ce idan yaro ya wuce ka. Ciwon ƙirji, musamman wanda ke sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, ko jiri da gumi mai sanyi, wannan ba na hutawa a ci gaba ba ne. A sauko da kai a nufi asibiti.

Naman jiki yakan fara raguwa a hankali tun daga wajen shekara 30, ya ƙara sauri bayan 60. Saboda haka dattijo ba a ranar hawa yake shirya wa dutse ba, a cikin mako yake shiryawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ni na warware wannan da zuwa masallaci mai ɗan nisa a ƙafa maimakon na ƙofar gida. Da safe kuma nakan zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, in huta, in sake. Sannan in tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, in sauya. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, domin abin da ke kayar da babba a kan dutse yawanci tangaɗi ne, kafin a zo maganar ƙarfi.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai: saukowa. Yaro yana auna dutse da hawa, wanda ya haura hamsin da saukowa ya kamata ya auna shi. A hawa huhu ne ke wahala, kuma huhu yana hucewa cikin minti kaɗan. A gangara duk nauyinka gwiwa yake faɗawa, taku bayan taku, ga shi ka riga ka gaji. Kafin ka taka wani falalen dutse mai tsayi, juya ka dubi bayanka ka tambayi kanka yadda za ka sauko ta nan. Idan amsar ba ta zo ba, nemi wata hanya.

Nemi sanda, kuma kada ka ji kunyarta. Bafulatani matashi ma ba ya shiga daji babu ita. Wadda ta fi ita ce doguwa, mai kai maka ƙirji, ba gajeriyar dogarawa ba, domin a gangara ƙasa tana nisa da kai. Sa mai faci ya yanko maka guntun taya ya ɗaure a gindinta don kada ta zame a kan dutse. Riƙe ta a hannun da ke kishiyar gwiwar da ke damunka. In za ka sauka, fara kafa sandar a ƙasa, ka tabbata ta zauna, sannan ka sauke ƙafar mai ciwo, mai lafiyar ta biyo baya. A hawa kuma mai lafiyar ce ke gaba. Taku ya zama gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka sandare ta. Inda gangarar ta yi tsanani juya gefe, kafaɗarka tana fuskantar ƙasa, ka bi ta a karkace, dama da hagu, maimakon miƙewa. Inda tsakuwa ta kwanta a kan falale, nan ne wurin faɗuwa, share ta da ƙafa kafin ka taka. In abin ya ƙi, zauna ka ja gindi. Na sha yi a gaban jikokina, kuma zan sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Takalmi ya zama kambas mai ƙasan roba da zane mai zurfi, da sararin babban yatsa ɗaya a gaba. Yanke farce tun daren jiya, kuma ka ƙara ɗaure igiya kafin ka fara saukowa, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan bakin takalmin har farce ya yi baƙi.

Ruwa kuma, da girma ƙishirwa takan daina yi wa mutum gargaɗi da wuri. Sai jiki ya bushe kai ba ka ji komai ba, sai dai ciwon kai da kasala. Kada ka jira ƙishirwa, kurɓa duk bayan minti ashirin. Lita biyu nake ɗauka ko da fitar safiya ce, ɗaya zalla, ɗaya da haɗin gishiri da sukari irin wanda ake yi wa yara: lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ya yi wannan haɗin, haka ma mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, domin shi ruwa ya fi saurin ƙare masa. Mai suga kada ya fita da yunwa, ya sa dabino a aljihun riga inda hannu zai kai nan take, ba a ƙasan jaka ba. Da ya ji rawar jiki da gumi da yunwa ta farat ɗaya, ya zauna ya ci. Da dare ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, don ƙaramin ƙurji da bai ji zafinsa ba kan zama babban gyambo.

Lokacin fita shi ne bayan sallar Asuba, da gari ya fara wayewa, ka sauko kafin hantsi ya yi zafi. Tun a gindin dutse ka yanke lokacin juyowa, ka faɗa wa abokan tafiya, kuma idan ya cika ka juyo ko da kana hangen ƙololuwa. Kaka da hunturu su ne lokacinmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai da sanyin safiya gaɓoɓi a ƙage suke, yi tafiyar minti goma a fili kafin ka fara hawa, mai asma kuma ya kiyayi ranar da hazo ya yi kauri. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Kano da kewaye, dutse kuma yana riƙe zafi yana mayar maka da shi. Na daina hawa a wannan lokacin gaba ɗaya, haka ma da azumi. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, amma gansakuka na sa santsi, tsawa tana neman wuri mai tsayi, ciyawa kuma tana ɓoye kububuwa. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kada ka zura hannu a tsagar dutsen da ba ka ga cikinta ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Abin da ban zata ba shi ne yadda sha'awar kanta ta sauya. Da can ban san sunan itace ko ɗaya a kan hanya ba, idona yana sama. Yanzu nakan tsaya a gindin hano, wanda wasu ke kira ararrabi, itacen nan da ke tsirowa a tsagar dutse inda ba ka ganin ƙasa ko tafi ɗaya. Ɓawonsa yana saɓulewa siriri-siriri, in ka kankare ɗan ƙaron da ya daskare a jikinsa ka murza a yatsa sai ƙanshin turare ya tashi. Nakan zauna shiru har rema ta leƙo ta fito shan hantsi, ko in ji kukan kazar dutse daga kwazazzabo. Mai sauri ba ya ganin waɗannan, ƙarar takunsa ta kore su tun kafin ya iso.

Tarihi ma ya shigo ciki, kuma shi ne yanzu ke zaɓa mini inda zan je. Dala yana da matakala, hawansa na 'yan mintuna ne, ya dace da mai saba'in in zai riƙa hutawa. Daga sama kana kallon Gwauron Dutse da tsohon birni shimfiɗe, kana tsaye inda Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura, a wurin da aka narka tama tun wajen ƙarni na 7. A Kufena ba dole sai ka kai sama ba, zagaya gindinsa ka bi sauran tsohuwar ganuwa, wannan kaɗai fita ce cikakkiya. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, tafiyar ba ta da wuya. Sukur kuma, a ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, yana da hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu har zuwa gidan Hidi, wato sarkin Sukur. Wannan doguwa ce, tana bukatar shiri da safiya guda.

Kowane daga cikin waɗannan za ka je, fara tambayar halin tsaro daga mutanen wurin a makon da za ka tafi, labarin bara ba ya aiki. Akwai duwatsun da nake ƙauna waɗanda na haƙura da su a yanzu saboda wannan. In ka isa ƙauye, je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da yaro ɗan gari, ka kuma sallame shi da kyau. Kada ka tafi kai kaɗai, ka bar wa iyali sunan wurin da lokacin dawowa. Abokin tafiya kuma zaɓi wanda ba zai sa ka jin nauyin cewa a tsaya ba. In da matasa za ku fita, mafi jinkirin tafiya shi ne a gaba.

Masu niyyar aikin Hajji, maza da mata, su ne suka fi kowa cin ribar wannan sabo. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina. Alhazai da yawa kuma suna kwaɗayin hawa Jabalun Nur su ga kogon Hira. Wannan ba ya cikin ayyukan Hajji, matakalarsa doguwa ce kuma a tsaye, saboda haka Baba ko Hajiya da ba su saba ba su adana ƙarfinsu don abin da ya wajaba.

Bayan ka sauko, jikinka zai ba ka labarin ko tafiyar ta yi maka daidai. Tsamin cinya da sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, tafiya kaɗan a fili tana warware shi. Amma idan gwiwa ta kumbura, ko ta yi zafi in ka taɓa, ko ta hana ka durƙusawa a sallah, to tsawon gangarar ya fi ƙarfinka a yanzu. Huta har kumburin ya saɓe, fita ta gaba ka rage ta da rabi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ya wuce mako bai sauka ba, kai ta asibiti a duba.