Kurakuran masu nazarin gajerun labaran Filifin da ake ba su da bakin "ni"

Kuskuren da na fi cin karo da shi a takardun ɗalibai shi ne ɗaukar mai ba da labari a matsayin marubucin. Duba labarin Manuel Arguilla, "How My Brother Leon Brought Home a Wife", wanda littafin da ke ɗauke da shi ya ci gasar adabi a 1940. Arguilla ɗan Nagrebcan ne a lardin La Union, kuma can ya dasa labarin, amma mai magana a ciki Baldo ne, ƙanin ango, yaron ƙauye da aka aika da amalanke ya ɗauko amarya 'yar birni. Abin da yaro bai gane ba, ba zai faɗa ba. Kafin ka yanke wani hukunci, fara tambayar kanka: wa ke magana, shekarunsa nawa, mene ne matsayinsa a gidan?

Sai sunaye, waɗanda ake tsallakewa kamar ado ne kawai, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Baldo ya lura wansa bai kira matar Maring ko Mayang ba, irin laƙabin da ƙauye zai ba ta. Maria ya ce. Ita kuma Noel take kiran mijin, wato Leon aka juya. Baldo shi "Manong" yake cewa, kalmar girmama wa a harshen Ilokano na yankin. Tazarar birni da ƙauye duk tana cikin waɗannan kiraye-kirayen. Ka ɗauki biro ka rubuta wa ke kiran wa da me, da inda kiran ya sauya.

Haka kuma kada ka ɗauka Turancin da ke shafi shi ne yake fita daga bakin mutanen Nagrebcan. Turanci ya kafu ne ta makarantun da Amurka ta buɗe bayan ta karɓi ƙasar a 1898. A labaran da aka rubuta da Tagalog, wani harshen Filifin, kuwa, kula da "po" ta ladabi, da bambancin "kami" da "tayo": ta farko "mu" ce ban da wanda ake yi wa magana, ta biyu har da shi. Hausa "mu" ɗaya gare ta, shi ya sa abin ke saurin kuɓuce mana. Gauraya Tagalog da Turanci ma ba rashin iya harshe ba ne. Duba gaban wa aka sauya.

Wasu kuma sai su ɗauko sassan labari shida da masanin harshe William Labov ya fitar a 1972 su danƙara wa labari dole. Daga labaran baka ya fitar da su, ba rubutattu ba. Ɗaya daga cikin sassan shi ne inda mai ba da labari ke bayyana hukuncinsa, amma masu neman inda Baldo ya bayyana nasa a fili ba za su samu ba. Uban ne ke tambayarsa ko amaryar ta ji tsoron Labang, bijimin da ya ja su, yaron kuma ya rufe da ƙamshinta, mai kama da safiyar da gwanda ta yi fure.