Babi na Shida: Dazuzzukan Duniya da Abin da Ke Cikinsu

Darasi na 1: Ja layi

Ku buɗe littafin rubutu, ku nemi shafin da ba a taɓa ba. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Layi uku zai ba ku gida huɗu, ku ƙirga da yatsa ku gani. A saman gidan farko, na hannun hagu, ku rubuta RUWA. Na biyu, ZAFI KO SANYI. Na uku, BISHIYA. Na huɗu, DABBA. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, layi ko ya karkace zai yi mana aiki.

Duk dajin da aka ambata muku, da gidan farko za ku fara. Ruwan sama nawa ke sauka a wurin? Sannan gida na biyu: wurin zafi ne ko na sanyi? Ruwa da zafi su ke yanke irin bishiyar da za ta tsiro, bishiya kuma ita ke kiran dabbar da za ta zauna. Shi ya sa dabba take ƙarshe.

Na sha gani, da na ce "daji" sai aji ya ɗauka, "Zaki!" Ku dakata tukuna. Zaki ba ya zama a kurmi mai duhu, fili mai ciyawa yake so, inda zai hango abin farautarsa. Wanda ya fara da dabba kuskure zai yi. Ku faɗa da baki: ruwa, zafi, bishiya, dabba. A sake. Ruwa, zafi, bishiya, dabba. Madalla.

Darasi na 2: Kurmi

Kurmi mafi girma a duniya shi ne Amazon, a Kudancin Amurka, kuma mafi yawansa yana cikin ƙasar Birazil. Mai bi masa shi ne na Kwango.

Gidan farko. Ruwan da ke sauka a kurmi a shekara yakan wuce milimita 2,000. Kada lambar ta tsorata ku. Mita 2 ke nan, wato da za a tara ruwan wuri ɗaya, da ya shanye dogon mutum a tsaye. Ku rubuta: mai yawa. Gida na biyu: zafi, shekara duka.

Sai yanzu bishiya. Da yake babu rani mai tsanani, bishiyoyin kore suke kullum, kuma dogaye ne, da yawansu sun haura mita 30. Rassansu sun sarƙe a sama kamar rumfa, hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 2 cikin 100 ba. Da tsakar rana ma kamar magariba. Bishiyar roba da ta koko asalinsu daga Amazon ne. Wani abin mamaki, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi sosai: ganye na faɗuwa zai ruɓe, saiwoyi su zuƙe amfaninsa nan take. Shi ya sa gonar da aka sare a kurmi ba ta daɗewa tana ba da amfani.

To, tunda 'ya'yan itace da haske suna sama, ina dabbobi za su taru? A sama. Birai, aku, macizai, da kwaɗin da ke zaune a kan bishiya. A ƙasa kuwa, kurmin Kwango yana da goggon biri, da giwar kurmi wadda ba ta kai ta fili girma ba, da okapi, ɗan uwan raƙumin dawa mai zane-zane a ƙafa kamar jakin dawa.

Kun ga ba mu taɓa gida na huɗu ba sai da muka cika ukun farko? Wancan karon kusan rabin aji sun cika gidan DABBA taf, suka bar gidan RUWA fayau. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ku manya ne, ba zan tsaya kanku da bulala ba, amma wanda ya sake kawo mini haka zai goge ya sake.

Darasi na 3: Daji mai zubar da ganye

Ana samunsa a Turai, da gabashin Amurka, da Sin, da Japan. Ruwa: matsakaici. Zafi ko sanyi: duka biyun, kowane da lokacinsa. In sanyi ya gabato, ganye ya koma ja da rawaya ya kakkaɓe, bishiya ta tsaya tsirara har ɗumi ya dawo. Dabbobi: barewa, dila, kurege. Da wane gida muka fara? Da ruwa.

Darasi na 4: Dajin ƙanƙara

Sunansa taiga, yawancinsa a Rasha da Kanada. Ruwa kaɗan, sanyi mai tsanani. Ganyen bishiyoyinsa siriri ne kamar allura. Akwai kyarkeci da beyar, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi. Kalmar ƙanƙara tana da ƙ mai lanƙwasa guda biyu, ku lura.

Aikin gida: ku cika gidajen Darasi na 3 da na 4, daga hagu.